Kifin da Wissam Ya Ce Ya Saki

Ga masu turo min saƙo suna cewa "Ghinwa ki daina ruwan ido, yaron nan ba shi da aibu", na gani, na kuma gode. Ku karanta abin da ya faru yau Asabar tukuna, sannan ku sake ba ni shawarar.

Gobe Lahadi bayan la'asar iyayen Wissam za su zo gidanmu a karanta Fatihar baiko. A gidanmu Baba ba ya amsawa a madadin 'yarsa. Zai kira ni gaban mutane ya tambaye ni, in na ce na yarda a ɗaga hannu, in na ce a'a kowa ya sha gahawarsa ya tafi. Sau uku ina cewa a'a tun kafin magana ta kai nan, shi ya sa duk unguwarmu ta Arncliffe an san ni da 'yar Abu Rabih mai korar maza. Wannan karon Khalto Souad, yayar Mama, ita ta kawo shi da hannunta. Yana da kamfanin gine-gine, yana sumbatar hannun kakata Teta duk zuwa, har famfon bayan gidanmu ya gyara ba a roƙe shi ba. Ni kaɗai ce zuciyata ta ƙi kwanciya, kuma in ka tambaye ni dalili ba ni da shi.

Da na fito bayan sallar asuba, kicin a cike yake. Teta na zaune kan kujerarta tana naɗe shinkafa da nama cikin ganyen inabi, Mama na lissafa kujerun roba da za a aro daga maƙwabta. Rigar goben, doguwa ruwan zaitun mai duwatsu a wuya, tana rataye jikin ƙofar falo cikin ledarta don duk mai wucewa ya gani. Ni kuwa na fito da baƙin hijabin roba, hular rana a kai, riga mai dogon hannu, da tsohon wandon Baba da na ɗaure da igiya.

Mama ta dube ni sama da ƙasa.

"Haka za ki fita gabansa? Kamar mai gyaran kwata?"

"Kifi za mu kama, Mama, ba hoto ba."

"Ko ɗan kwalli ki zizara, don Allah. Jiya aka gyara miki farce, yau za ki je ki cusa hannu cikin ƙarni."

Teta ba ta ɗago ba ta ce, "Ƙyale ta. In ya gan ta a haka bai gudu ba, ai ya zauna ke nan."

Wayata ta yi ƙara. Wissam ne: "Ina ƙofar gida. Na sayo wa Ammo burodi mai za'atar da zafinsa. Ke kuma na sayo miki haƙuri da ni." Ammo yake kiran Baba, wato baffa, za'atar kuwa garin ganye ne mai ƙanshi da muke barbaɗawa kan burodi. Ya sa fuskar dariya. Na karanta sau biyu, na ajiye wayar.

Shekara tara ke nan muna fita ni da Baba duk Asabar, tun da likita ya ce ya bar aikin tayil ya nemi abin da zai motsa jiki. Kowa da kwale-kwalensa na roba mai cin mutum ɗaya. Nawa rawaya, na Baba kore, sai wani tsoho shuɗi na yayana da aka ara wa Wissam. Shi ya nace zai biyo mu. Ya ce ya san ruwa, yana da jirgi mai inji, sai dai bai taɓa tuƙa da filafili ba.

Mun sauke kwale-kwalen a bakin yashin Kurnell rana ba ta gama fitowa ba. Ruwan tekun Botany ya kwanta lum, ba iska ko kaɗan, kalarsa ta yi toka-toka. Ban son ruwa in ya yi irin wannan shirun. Jiragen sama na wucewa ƙasa-ƙasa ta kanmu ɗaya bayan ɗaya, can ƙetare kuma manyan jiragen kaya na tsaye a tashar.

Baba ya ja maɗaurin rigar ceton Wissam da kansa.

"Ammo, ai na iya ruwa."

"Kowa ya iya ruwa a kan tudu, ɗana. Doka biyu gare ni. Kada ka yi nisan da ba za ka ji kirana ba. Kuma duk abin da ka kama, cikin jakar ƙanƙara zai shiga. Ba a rataya kifi a ruwa jikin kwale-kwale. Wannan ba jirginka ba ne, tsakaninka da ruwa tafin hannu ne."

"An gama, Ammo."

Da kalamari muka fara, halittar nan ta teku mai hannuwa da yawa da ke fesa baƙar tawada, kan ciyawar ruwa, kafin rana ta yi ƙarfi su nutse. Ana jefa ɗan jatan landen roba mai ƙayoyi a wutsiya, a bar shi ya sauka, a fizga sau biyu, a jira. In ya kama ba ya gudu kamar kifi, nauyi kawai za ka ji kamar ka jawo jiƙaƙƙen tsumma. Na kama uku kafin Wissam ya kama na fari. Da ya kama kuwa sai ya ɗago shi kai tsaye, bai bar shi ya zubar da tawadarsa cikin raga ba. Ya fesa masa baƙi tun daga gemu har ƙirjin farar rigarsa mai tsada.

Baba ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

"Ango ya yi lalle tun yau," in ji Baba.

Wissam ya yi dariya tare da mu. Amma da Baba ya juya, na ga yadda ya riƙe abin. Mu sara ɗaya muke yi masa a bayan ido da gefen hannu, nan take ya yi fari ya huta. Shi kuwa matse shi ya yi cikin tafinsa a hankali, yana kallonsa, har hannuwan suka daina motsi. Da ya ɗago ya ga ina kallo sai ya kashe min ido. Na ce wa kaina, Ghinwa, kin fara neman dalili ko.

Wajen ƙarfe tara muka koma kan yashi neman fulati, kifin nan mai faffaɗan kai da ke binne kansa a ƙasa yana jiran abin da zai wuce. Sai mu bar ruwa ya riƙa jan mu a hankali, muna buga koton roba a ƙasa. Baba ya samu biyu madaidaita, ni ɗaya. Saƙonni na ta shigowa zauren dangi, wayata na rawa cikin jakar ledar da ke wuyana. Khalto Souad ta turo hoton farantan alawar baƙalawa guda shida. Mama ta rubuta: "Ki sha ruwa, kada ki dawo min da baƙar fuska."

Sai sandar Wissam ta lanƙwashe har kanta ya taɓa ruwa.

Ya kusan minti goma yana fama, Baba na gefe yana ce masa sassauta, kada ka ɗago kanta sama da ruwa. Da ta shiga raga sai da na riƙe baki. Ban taɓa ganin irinta da idona ba. Kanta ya kai faɗin faranti. Baba ya shimfiɗa ma'auni kan cinyar Wissam.

"Santimita tamanin da uku. Masha Allah. Shekara tara ina neman irinta."

"Gobe za a gasa ta a tsakiyar tebur," in ji Wissam. "Babana zai san wa ya haifa."

"A'a, ɗana. Duk wadda ta wuce saba'in mace ce, ita ke zuba ƙwan da muke ci bayan shekara uku. Hukuma ta hana, ni ma na hana tun kafin hukuma. Tsaya in ɗauke ka hoto, ka mayar da ita."

"Ammo, guda ɗaya fa."

"Guda ɗaya."

Sai Wissam ya yi murmushi, ya ɗaga ta aka ɗauki hoto, ya juya ya saukar da ita ta ɗaya gefen, inda jikin kwale-kwalensa ya kare mana gani. Ya ce zai riƙe ta ta farfaɗo. A daidai nan zaren Baba ya motsa, ya juya kan nasa kifin. Ni ce kawai na ci gaba da kallo. Na ga kafaɗarsa na aiki, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda sakin kifi ke ɗauka. Da ya ɗago ya goge wuƙarsa a wando.

"Ka sake ta?"

"Ta tafi wajen 'ya'yanta. Zaren na yanke, ta haɗiye ƙugiyar."

Hakan na faruwa, don haka na koma kan kamuna.

Ba a yi rabin awa ba muka hango farin jirgin jami'an kula da kamun kifi yana bin jirage ɗaya-ɗaya, yana matsowa. Mu ba ya damunmu, takardunmu na cikin waya. Wissam ya tuƙo ya zagayo ta bayana.

"Akwatin kayanki ya saki, zai faɗa ruwa. Tsaya cak in ɗaure miki."

Wanda bai taɓa zama cikin irin wannan kwale-kwalen ba, ba zai gane ba. Ba ka iya juyawa ka ga bayanka. In ka matsa sai ka kife. Na ji yana taɓa wutsiyar kwale-kwalena, na ji ɗan ja, na ji ya ce, "Shi ke nan. Kin ga amfanin miji." Har na gode na ce masa.

Jami'an su biyu ne, mace da namiji. Suka duba takardu, suka auna kifin Baba, suka buɗe jakar Wissam ba komai sai kalamari biyu. Matar ta leƙa bokitina ta ce na fi mazan iyawa, suka yi mana sallama suka wuce. Bayan tafiyarsu na lura Wissam na ta son ya matso kusa da ni, amma Baba ya manne masa yana ba shi labarin yadda ake kamun kifi a Tripoli, garinsu na asali, lokacin yana yaro. Ni kuma na ji tuƙi ya yi min nauyi, kwale-kwalen na karkata hagu. Na ɗauka ruwa ne ya fara janyewa.

Jan farko ƙarami ne, kamar wani ya taɓa ni ta baya. Na ce, "Wissam, bari mana." Sai na ɗago na gan shi can gefen Baba, ya fi taku ashirin da ni.

Na biyun ya nutsar da wutsiyar cikin ruwa. Hancin kwale-kwalen ya ɗaga, bokitina ya zube, na fara tafiya da baya. Na leƙa gefe na ga wani abu mai ruwan toka yana wucewa ƙarƙashina, faɗinsa ya fi abin da nake zaune a kai. Shak ne, ƙaton kifin nan mai cin mutum. Duk rani ana ganinsu a bakin kogin da ke zuba cikin tekun nan, amma ba su taɓa kula mu ba, don ba mu taɓa ba su dalili ba.

"Ghinwa, ɗauke ƙafafunki ciki. Kwantar da filafili a cinya. Kada ki juya."

Muryar Baba ce, bai ɗaga ta ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Na yi yadda ya ce. Abin ya sake girgiza ni hagu da dama, ruwa ya cika min mazauni. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Baba, mutumin da aka sa wa ƙarfe biyu a jijiyar zuciya, ya tuƙo da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya bugi gefena, ya kama mariƙin wutsiyar kwale-kwalena, ya zura hannunsa cikin ruwan nan har gwiwar hannu.

Sai jan ya tsaya.

Abin da Baba ya ɗago igiya ce ruwan lemo. An zura ta ta bakin kifi ta fito ta maƙogwaro, an kuma yanka maƙogwaron don jini ya tsiyaye. Kai kawai ya rage, mai faɗin faranti, da ɗan abin da ya bi shi. Ɗaya bakin igiyar na ɗaure a jikin kwale-kwalena. Baba ya daɗe yana kallon kan. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya bar shi ya nutse.

Na juya wajen Baba zan yi magana. Wissam ne ya riga ni.

"Ammo, don Allah kada ka yi mata faɗa. Laifina ne. Ta ce Teta ta daɗe ba ta ci babban kifi ba, ta roƙe ni in bar mata, ni kuma na kasa ce mata a'a. Da na sani da ban biye mata ba. In fushi za ka yi, ka yi da ni."

Har muryarsa rawa take.

"Baba, wallahi ba..."

"Ba a nan ba. Ku tuƙa, mu fita."

Muka tuƙa zuwa gaɓa, Baba a bayana. A mota na sake gwadawa. Na faɗa masa komai, wuƙar, akwatin, jirgin jami'an. Yana tuƙi yana saurare. Sai da muka tsaya a danja ya ce:

"'Yata, na farko kin ce yana yawan magana. Na biyu kin ce ba ya magana. Na uku ban ma tuna ba. Ban taɓa matsa miki ba. Amma ki ce namiji ya ɗaura wa yarinyar da zai aura kifi mai jini a baya, cikin ruwan nan, don ya tsira daga jami'ai? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. In ba kya sonsa, ki ce ba kya sonsa. Kada ki ɗora masa abin da zai bi shi har kabari."

"To ni ka yarda zan yi?"

"Ke don kakarki babu abin da ba za ki yi ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Kuma yaron ya tsaya gabana ya ɗauki rabin laifinki. Ba kowa ke yin haka ba."

Na juya ina kallon titi. Ban taɓa jin ciwon magana irin wannan ba, kuma abin haushin, cikin tausayi ya faɗe ta.

Baba ya ce kada a faɗa wa Mama, gidan ya ishe ta. Ya shiga ya yi wanka zai yi azahar. Ni na tsaya bayan gida ƙarƙashin bishiyar lemon tsami ina wanke gishiri daga jikin kwale-kwalen, don hannuna ya samu abin yi. Ta taga ina jin Khalto Souad na rigima da Mama kan labule. Da na zo wutsiyar nawa sai na tsaya. Guntun igiyar na nan. Irin wadda magina ke ɗaure kaya da ita a bayan mota ce, babu irinta a gidanmu. Ƙullin kuma irin na masu ɗaure katako ne, mai zobe a tsakiya. Ni ƙulli biyu na iya a duniya, duka Baba ya koya min, kuma ya san hannuna a kansu. Balle ma ta yaya zan ɗaura abu a inda hannuna ba ya kaiwa. Baba kallo ɗaya zai yi masa ya gane.

Na ajiye tiyo. Na buɗe baki zan kira shi, sai na tuna ya tayar da salla. Raka'a huɗu ce kawai, na ce zan jira.

"Sannu da aiki, amarya."

Ban ji shigowar Wissam ba. Ya biyo mu da motarsa ya kawo kujerun aro, ya jingine guda goma jikin katanga. Ya canza riga, ya wanke gemunsa, yana ƙanshin turare. Ya dubi fuskata, ya dubi inda nake kallo. Ya durƙusa a hankali kamar zai taya ni wanki, ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya yanke ƙullin, ya sa a aljihun. Ya ɗauki tiyon ya wanke wurin tas.

"Kin bar datti a nan."

"Ka kusa kashe ni. Ka kusa kashe ubana."

"Ban san abin zai zo ba, Ghinwa. Minti biyar na so ki riƙe min, ke mace ce, ba sa duba ku sosai. Kuma ga ki a tsaye lafiya." Ya miƙe yana yarfe hannu. "Ban ji daɗin dariyar da kika yi min da safe ba, amma na yafe."

"Gobe a'a zan ce."

"Ki ce mana, hakkinki ne." Ya yi murmushi, irin wanda yake yi wa Teta. "Sai babana ya tambayi dalili, don shi ba a yi masa haka a gaban mutane. Ki ba da labarinki, in ba da nawa, Ammo na zaune a tsakiya da zuciyarsa. Kin dai ga wanda ya yarda da shi yau."

Ƙofar baya ta buɗe. Baba ne, da carbi a hannu, fuskarsa duk ta faɗa. Ya dube mu mu biyu tsaye kusa da juna, sai na ga ransa ya ɗan yi sanyi.

"Kun shirya ke nan. Alhamdu lillahi. Ɗana, shigo ka ci abinci, yau ba baƙo ba ne kai."

Wissam ya wuce ni, ya sunkuya ya sumbaci kan Baba, suka shiga tare.

Ina rubuta muku wannan daga ɗakina, an idar da la'asar. Mama ta shigo da rigar ta rataye min a jikin madubi. Daga falo ina jin dariyarsa da ta Teta. Hoton kifin ya riga ya shiga zauren dangi, shi ya tura, ya rubuta a ƙasa: "Mun sake ta, kamar yadda Ammo ya koya mana." Mutum goma sha bakwai sun sa masa zuciya, har da Baba.

Yanzu wayata ta sake haske. Shi ne, daga falon gidanmu, bango ɗaya tsakaninmu:

"Ammo ya sha maganinsa, na tabbatar da kaina. Ki kula da shi gobe, kada ki tayar masa da hankali."